Injin Iskar Maman Lawali

"Su... su... fa."

Karo na huɗu ke nan Maman Lawali yana kokawa da kalmar, tana zuwa bakin leɓe tana maƙalewa. Tahira ta durƙusa gaban gadon ta zuba wa bakin mahaifinta ido. Wata biyu ke nan da hawan jini ya kayar da shi a rumfarsa ta facin taya da ke ƙofar gida, a bakin titin Tibiri. Ciwon ya shanye masa hannun dama da ƙafar dama, ya tafi da kusan duk maganarsa.

"Baba, Yusufa kake kira? Wane Yusufa?"

Ya girgiza kai da ƙarfi har hularsa ta zame.

"Tun da hantsi haka yake," in ji mahaifiyarta Rabi daga bakin ƙofa. "Na fiddo shi ya sha rana, sai ya leƙa rumfa ya ga wayam. Ya nuna mini wurin, na ce Tahira ta saida. Shi ke nan fa, ko koko ya ƙi sha. Sai da na ce miki ki gaya mishi."

"Inna, don Allah ba yanzu ba."

Shekaranjiya Alhamis Tahira ta sayar da injin ba taya iska. Kwamfaresa ce tsohuwa mai koren tanki, wadda ta girmi aurenta, ta girmi aikinta na sakatariya a Maraɗi, kaɗan ya rage ta girme ta ita kanta. Tun da ya kwanta, sau biyu ana tsintar Maman Lawali yana jan jiki zuwa rumfar, na biyun har ya faɗi ya fasa goshi. Likita ya ce hutu yake bukata. Tahira kuwa ita ce mai albashi, ita ke sayen magani, kuma a hankali maganarta ta zama ita ce magana a gidan. Ta yanke cewa muddin injin yana nan, tsohon ba zai kwanta ba. Da wani mutumin Jiratawa mai suna Ilyasu ya zo ya ce zai buɗe wa ƙanensa wurin faci ranar Asabar, sai ta sa aka ɗora masa a amalanke, mahaifinta yana barci. Da Rabi ta ce a bari ya tashi a gaya masa, abin da Tahira ta ce shi ne, "A gaya mishi ya ce mi?"

Yau ce Asabar ɗin.

Ta ɗauka fushi yake, kuma ta zo da shirin ba da haƙuri. Amma abin da ke cikin idonsa bai yi kama da fushi ba. Ya cika kumatunsa na hagu da iska, ya dunƙule hannunsa mai lafiya ya matse har jijiyoyi suka fito, sannan ya buɗe shi farat ɗaya. Ya sake yi. Sai ya shiga nuna ƙarƙashin gado.

Ta jawo wani tsohon gwangwanin madara. Ciki akwai guntayen roba na faci, da kawunan tiyo, da ƙananan notuna. Duk abin da ta ɗaga sai ya girgiza kai, har ta kai ga wani ɗan ƙarfe na tagulla, tsawonsa bai wuce yatsa ba, da zobe a kansa, gefensa a tsage.

"Su... fa!" Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya.

"Mi ne ne wannan, Baba?"

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sai ya kau da kai.

"Ki kai wa Jibo," in ji Rabi. "Su suka san yaren junansu."

Jibo abokin mahaifinta ne tun suna samari, mai gyaran injuna a Maraɗi, can bayan babbar kasuwa. Tahira ta samu mota a bakin hanya, ta matsu tsakanin wata mai buhun gyaɗa da wani dattijo mai kaji biyu a ɗaure. Tana tafe tana juya ɗan ƙarfen a tafin hannu. A zuciyarta tana cewa rigimar tsufa ce kawai, wataƙila so yake a kai wa mai injin abinsa don kada a ce ya riƙe wani abu. Mahaifinta mutum ne da ko allurar wani ba ta kwana a gidansa.

Ta tarar da Jibo zaune kan taya, tabarau a kan hanci, yana wanke wani ƙarfe cikin kwanon fetur. Janareta da injunan ban ruwa sun cika shagon har waje.

"A'a, Tahira ce? Lale. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba Jibo." Ta gaishe shi a gurguje ta miƙa masa. "Shi ya ce... to, bai ce ba. Shi dai ya nuna mini wannan."

Jibo ya karɓa ya ɗaga shi sama. "Sufaf ce. Ta tankinsa ce, na san ta. To mi ya faru?"

Sai a lokacin ta ji kalmar da mahaifinta ya yini yana nema. Harafi ɗaya ne ya gagare shi.

"Na saida injin, Baba."

Jibo ya ajiye kwanon a hankali. "Kin saida. Wa?"

"Wani mutum a Jiratawa. Ƙanensa zai fara faci da shi."

"Ya san aikin?"

"Ya ce zai koya."

"Inna lillahi." Ya miƙe yana dafe gwiwa. "Zo nan. Zo ki gani da idonki, don in na faɗa miki da baki ba za ki ji tsoro yadda ya kamata ba."

Ya ja ta zuwa wata kwamfaresa ja da aka kawo gyara. Ya shiga ɗora yatsa a kan kowane sashe.

"Wannan shi ne inji, shi ke shan fetur, aikinsa juyi kawai. Wannan bel ɗin ke kai juyin ga wannan, shi muke ce wa kai. Cikin kan akwai fistin, yana sauka ya zuƙo iska ta wannan matatar, yana hawa ya danna ta cikin tanki. Ya zuƙo, ya danna, ya zuƙo, ya danna. Shi bai san tanki ya cika ba, ba ruwansa. Kina ji na?"

"Ina ji."

"To, abu ukku ke tsare rai. Na farko wannan agogon, 'yan lakwal masu karatun boko suna ce mishi manometir. Shi ke gaya maka nauyin iskar da ke ciki, kilo nawa ta kai. Na biyu wannan ɗan akwatin, firesosta, shi ke kashe inji da kansa in iska ta isa. Amma sai na zamani masu lantarki, na babanki bai taɓa samunsa ba. Na ukku ita ce wannan."

Ya kama zoben wata 'yar tagulla irin wadda ta kawo ya ja. Iska ta fita da wani irin tsaki mai ƙarfi, Tahira ta yi baya har ta taka kwanon fetur.

"Sufaf ke nan. Tankin babanki kilo goma yake ɗauka. In iska ta wuce nan, ita ke buɗewa da kanta ta rage. Ko kana barci, ko ka tafi salla, ita ba ta barci."

"To ai sai in kai musu ita su ɗaura."

"Wannan ta mutu, ba ki ga tsagar ba? Sati biyu kafin ya faɗi ya zo nan yana neman sabuwa. Ban da irinta, na ce ya jira a kawo daga Kano. Ya ce ba zai zauna ba aiki ba. Sai ya toshe ramin da noti, ya ɗaure tam."

Tahira ta dubi jar kwamfaresar. "Ai da agogon."

"Agogon tun bara allurarsa ta tsaya a huɗu. Ko ka cika tanki ya kai ashirin, huɗu za ta nuna maka." Jibo ya cire tabarau ya goge fuska. "Babanki da kunne yake aiki. In iska ta kusa cika, kukan inji yana yin nauyi, sai ya kashe. Shekara talatin yana jin wannan kukan. Shi kaɗai ya san shi duk duniya. Yaro sabon shiga zai zauna ne yana duban allura, yana jira ta kai takwas."

"In ta wuce fa?"

"Na taɓa ganin wanda ya fashe, ina saurayi. Bangon shago ya tafi. Mai shagon ya rayu, amma da hannu yake tafiya har ya mutu."

Ta zaro waya ta kira lambar Ilyasu. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Jibo ya shiga ciki ya buɗe wata durowa, ya fito da sabuwar sufaf cikin leda, tana ƙyalli. "Ta zo sati ukku bayan ya kwanta. Kullum in ce zan kai mishi, in ce mi zai yi da ita yanzu, sai ta ƙara mishi baƙin ciki. Da na kai ta, da na ɗaura ta da hannuna." Ya danƙa mata. "Ƙafata ba za ta iya hawan babur ba, ke kin fi ni sauri. Ki saurare ni da kyau. In kin tarar ba su tada shi ba, kada ki bari su taɓa. In kin ji yana aiki, kada ki matsa. Ki tsaya nesa ki yi ta ihu su kashe."

Ta tsayar da ɗan kabu-kabu na farko da ta gani, ba ta tsaya ciniki ba.

"Jiratawa. Don girman Allah ka yi sauri."

Suka ratsa cunkoson kasuwa, suka bi ta tsakanin manyan motocin hatsi da amalanken shanu, har gidaje suka fara ja da baya. Rana ta take tsaka. Tahira ta riƙe ƙarfen bayan babur da hannu ɗaya, ɗayan yana kan jakarta.

Abin da ke cin ta shi ne, ban da firesosta, babu ko ɗaya cikin sunayen nan da ba a taɓa gaya mata ba. Allah bai bar wa Maman Lawali ɗa namiji ba, biyu aka haifa duk suka koma. Tana 'yar shekara tara ita ke riƙe masa tiyo in ta taso daga lakwal. Yakan ɗora yatsanta a kan kowane ƙarfe ya faɗi sunansa, ya ce ta maimaita, in ta faɗa daidai ya saya mata rake. Direbobi suna dariya suna cewa Lawali ya samu magaji.

Da ta shiga kwaleji a Maraɗi aka tambayi kowa sana'ar ubansa. Ta ce nata yana ba tayoyi iska. Kafin a tashi an raɗa mata 'yar mai iska. Kafin sati ya zagayo wasu sun gaji da faɗin "mai" ɗin, sun yar da shi a hanya. Ta yi kuka a bayan aji, ba ta gaya wa kowa a gida ba. Daga ranar sai ta riƙa shiga gida ta ƙofar baya. In ya kira ta ta riƙe masa tiyo, sai ta ce tana da karatu. Ya kira sau biyu, sau uku, bai sake ba. Bai taɓa tambayarta dalili ba. Kuma da kuɗin wannan iskar ya saya mata littattafan da take fakewa da su.

"Madam, ina za mu tsaya?" in ji ɗan kabu-kabu.

Sun shigo Jiratawa. Ta ce ya rage gudu. Ta kasa kunne, sai ta ji ko'ina kukan inji ne, daga gabas da yamma, injunan ban ruwa suna ta bugawa a cikin fadama, kowanne sai ta ji kamar shi ne. A bakin hanya ta hango wata sabuwar rumfar kara da tsohuwar taya rataye a jikin itace. Ta sauka tun babur bai gama tsayawa ba.

Rumfar ba kowa. Ba inji, ba tanki, ba alamar wuta ko fashewa. Wata mata mai tuyar awara a gefe tana kallonta.

"Sannu, baiwar Allah. Rumfar Ilyasu ce wannan?"

"Ta ƙanensa ce, in ya dawo. Ilyasu yana garka. Ki bi bakin kwalbatin nan, in kin wuce ayaba za ki gan shi."

"Lafiya dai suke? Ba abin da ya faru?"

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Mi zai faru?"

Tahira ta bi hanyar da ƙafa, takalminta na ofis yana nutsewa cikin laka. Ta wuce zogale, ta wuce albasa, ta wuce ayaba. Sai ta ji shi. Ba ta san ta san kukan ba sai da ya daki kunnenta, da 'yar shaƙewar nan da yake yi kamar mai tari. Ta tsaya cak inda take, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Ku kashe! Malam Ilyasu! Ku kashe injin!"

Wani mutum ya ɗago daga cikin kunyoyin tumatir, wando naɗe zuwa gwiwa, fartanya a hannu. Ya yi tsaye yana kallon mace da jaka da mayafi tana ihu a gonarsa. Sannan ya gane ta, ya je ya kashe. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa da ke ƙarasa gangarawa.

"Madam? Lafiya? Ko tsohon ne?"

"Ku matsa daga wurin tankin!"

"Wane tanki?"

Ta matso a hankali. Injin mahaifinta ne, ba shakka, da jan ƙyallen da yake ɗaure wa igiyar tayarwa. Amma an ɗaure shi a kan katako a bakin rijiya, bel ɗinsa yana juya famfon ruwa. Ba kai, ba tanki, ba agogo.

Ilyasu ya sosa ƙeya. Da alama ya ɗauka ta zo warware ciniki ne. "Wallahi Madam ban yi miki ƙarya ba. Don yaron na saya. Ranar da na kawo shi na tarar ya bi abokansa wurin haƙar zinariya, ko sallama bai yi wa uwarmu ba. Jiya kuma injina na ruwa ya ƙone, tumatir yana fure. In ya kwana biyu ba ruwa, shekarata ta tafi. Sai na ce to, ga inji zaune."

"Ba ku tada shi da tankin ba? Ko sau ɗaya?"

"Na so in gwada, fetur ne ban da shi ranar. Da mai walda ya zo rabawa, shi ya nuna mini wani noti a sama, ya ce duk wanda ya tada wannan bai san shi ba, sai dai a tattara shi a buhu. Na ce Allah ya tsare."

Ta zauna a kan bakin kwalbati, ta rufe fuska da mayafi, tana ta maimaita hamdala. Ilyasu ya ɗebo mata ruwa a kofin roba, ya koma gefe ya tsaya. Sai da numfashinta ya daidaita sannan maganarsa ta ƙarasa isowa gare ta.

"Ka ce mai walda?"

Ya kai ta bayan wata bukka, ƙarƙashin mangwaro. Raguna huɗu suna tsaye suna shan ruwa a cikin wani dogon koren kwano. Wani irinsa yana gefe da dusa a ciki. An tsaga tankin gida biyu daga kai har gindi, kamar yadda ake raba duma. A jikinsa akwai sunan da mahaifinta ya rubuta da farin fenti tun tana yarinya, M. LAWALI TIBIRI. Yankan ya bi ta tsakiyar rubutun, saman haruffan yana jikin na ruwa, ƙasansu yana jikin na dusa. Kan injin kuwa yana yashe cikin yashi, matatarsa ta cika da ƙasa, yana jiran masu sayen tsohon ƙarfe.

Tahira ta tsaya tana duban rubutun. Ita ta sayar, shi ya saya, abinsa ne.

"Amma Madam, tsohon nan naku mutum ne," in ji Ilyasu, yana neman abin da zai faɗa. "Mai waldan nan ya yanka tankuna sun fi ashirin. Ya ce kowanne in ka buɗe, gindinsa ya zama kamar ƙanzo, tsatsa ta cinye, wani da yatsa za ka huda. Ya ce iska in an matse ta ruwa take zubarwa, ruwan ya kwanta a ƙasa ya yi ta cin ƙarfe ba mai gani. Sai in kullum kana buɗe ɗan famfon nan na ƙasa kana zubarwa. Ya ce wannan kam, mai shi bai taɓa tsallake rana ba. Duba ki gani."

Ya ture dusar gefe da hannu. Ta sunkuya. Ƙarfen baƙi ne, sumul, da ɗan maiƙo a jikinsa. Ta shafa da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta ji ko ƙurji ɗaya ba. A tsakiya ga ramin ɗan famfon, an toshe shi da itace.

Wannan famfon ta tuna shi. Aikinta ne a da. In an kira magariba ya kashe inji, ita ke shiga ƙarƙashi don hannunta ya fi ƙanƙanta, ta murɗa, ruwa mai launin shayi ya feso mata a ƙafa tana ƙyalƙyala dariya. Da ta daina zuwa, ba ta taɓa tunanin wa ke yi ba. Ashe shi ke durƙusawa, da girmansa da ciwon bayansa, kowace yamma, fiye da shekara ashirin.

Wani rago ya turo kai yana neman dusarsa. Ta miƙe ta ba shi wuri.

Ilyasu ya cika mata leda da tumatir da ganyen zogale, ya ce a kai wa tsoho, a ce yana gaishe shi. Ta so ta ƙi karɓa, ta ga ba shi da laifin da za ta ƙi don shi. A bakin hanya ta kira Jibo ta gaya masa ba wanda ya ji ciwo. Ya yi hamdala sau uku. Da ta gaya masa sauran, ya yi ajiyar zuciya.

"To," in ji shi. "Ke za ki gaya mishi, ko ni?"

"Ni ce, Baba."

Daga Jiratawa zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Tibiri, tana shirya ƙarya. Za ta ce ta tarar ba su tada ba, an ɗaura sabuwar sufaf, yaron yana ta aiki, motoci har layi. Ba mai ƙaryata ta. Tsohon ba zai taɓa zuwa Jiratawa ba. Ta gyara labarin ta sake gyarawa, har ta sa masa kilo da agogo da fistin don ya ji daɗi ya ga ta iya. Sai ta lura duk sunayen sun zauna mata daram a ka, yau da babu injin da za ta nuna ta kira su.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta isa. Rabi ta tare ta a tsakar gida, Tahira ta miƙa mata ledar ta wuce ɗaki.

Yana nan yadda ta bar shi, idonsa a ƙofa. Kokon safe yana gefe ya yi fata.

"Baba, ba wanda ya ji ciwo. Ba su tada shi da tankin ba. Kowa lafiya."

Ya rufe ido. Ƙirjinsa ya sauka a hankali, leɓɓansa suna motsi. Ta jira. Da ya buɗe, sai ya ɗaga yatsa ya juya shi a iska, ya juya, yana dubanta. Tambaya yake ko yana aiki.

Ta buɗe baki da labarin da ta shirya. Sai ta ga yadda yake kallonta, kallon mutum mai cikakken hankali da aka yi wata biyu ana magana a kansa yana ji. Ta zauna a ƙasa.

"Injin yana aiki, Baba, amma ruwa yake ja a garka. Sun cire kan. Tankin kuma..." Ta sunkuyar da kai. "Sun yanka shi biyu. Raguna ke sha a ciki. Ni na jawo. Ban tambaye ka ba, kana nan kwance, ɗaki ɗaya tsakaninmu. Ka yafe mini."

Bai motsa ba. Ya zuba wa rufin ɗaki ido, har ta fara jin da ta sani ta yi ƙaryar. A waje wata babbar mota ta wuce, ƙurar bango ta zubo. Can sai ya juyo, ya haɗa ƙarfinsa duka a baki.

"Tsa... tsa."

Ta matso tana jiran sauran kalmar. Bai ƙara ba. Ya ɗaga gira yana jiranta. Sai ta gane ba in'ina yake ba, ya gama faɗa. Shekara talatin yana kula da cikin tankin nan, bai taɓa ganinsa ba, ita ta gani.

"Babu tsatsa, Baba. Ko ɗigo. Na shafa da hannuna, sumul yake. Mai waldan ya ce bai taɓa yanka irinsa ba."

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya juya fuskarsa bango. Bai ce ya yafe ba, bai kuma nuna mata ƙofa ba.

Rabi ta leƙo. "Tahira, in za ki koma Maraɗi ki tashi, motar ƙarshe tana lodi."

"Bari ta tafi, Inna," in ji ta. Ta ɗauki kwanon kokon ta miƙa mata. "A ɗuma wannan. Wataƙila yanzu ya sha."